Sabar ofishinmu ta yi nauyi, mu sa mata SSD?

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ofishinmu ƙarami ne, taki da iri da maganin feshi muke sayarwa nan cikin garin Sakkwato. Muna da saba guda ɗaya, irin mai tsayen nan da ta yi kama da kwamfutar tebur, ita ke riƙe da manhajar lissafi da foldar da kowa ke ajiye takardunsa. Kwamfutoci bakwai ke jone da ita. Yanzu ta yi nauyi ƙwarai. In akawu ya buɗe rahoton wata sai kowa ya zauna jira, har mai rubuta rasit sai ya tsaya da kwastoma a gabansa. Yaron da ke zuwa yi mana gyara ya ce a cire faifan da ke ciki a sa SSD, wato sabon irin faifan nan da ba ya juyawa, magana ta ƙare. Maigida ya ce in bincika kafin ya saki kuɗi. Faifan 1TB ne. Shin SSD ɗin da ake sa wa laftof zai yi, ko na saba daban yake? Kuma yaya za a yi kada mu rasa bayanai? Damina na tafe, lokacin ne cinikinmu ke tashi.

Ɗan Runji: Wa alaikumus salam. Yallaɓai yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Nemi Samsung 870 EVO 1TB ko Crucial MX500, a kwafe tsohon a kai, a ɗaura. Aikin yamma ɗaya ne. Za ka rantse sabuwar saba aka kawo.

Injiniyan Mabera: Wa alaikumus salam. Ɗan Runji, sannu da gaggawa. Malam Baban Walida, kafin a je kasuwa mu tabbatar faifan ne ke da laifin. Lokacin da akawu ya buɗe rahoton nan, je kan sabar ka buɗe Resource Monitor, ka dubi sashen faifai da na ram. In faifan ya cika aiki ya tsaya a 100% alhali ram da sauran wuri, to shi ne. In kuwa ram ɗin ne ya ƙare har Windows ta koma tana aron wuri a faifai, ƙarin ram ya fi SSD araha. Sannan ka sauke CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, kyauta ce, ka gaya mana launin da ta nuna. Wace Windows ce a kai? Kuma wayar faifan, a jikin madabod take ko akwai wani kati daban da ta shiga?

Baban Walida: To Injiniya, bari in dawo daga la'asar in duba.

Kawu Arkilla: Ku yaran zamani kullum sabon abu. Ni dai abin da na sani, faifan da munka saba da shi in za shi mutuwa shina ba ka labari, ka ji shi shina ƙwas-ƙwas, ka yi maza ka kwashe kayanka. Wanga na yanzu an ce hwaɗuwa guda shika yi, ba sallama.

Baban Walida: Na duba. Windows Server 2012 R2 ce. Ram 16GB, rabi ma ba a ci ba. Faifan kuwa da akawu ya taɓa rahoto sai ya haye sama ya zauna. Wayarsa a madabod take, babu wani kati. CrystalDiskInfo ta nuna rawaya, layin da aka rubuta C5 da wanda aka rubuta 05 su ne ke da ɗigon rawaya. An raba faifan biyu, C 200GB, sauran kuma D inda bayanai suke.

Maman Hanif: Malam, ajiye maganar sayayya tukuna. Yaushe rabonku da ɗaukar bakof, wato ajiye kwafin bayananku a wani wuri daban?

Baban Walida: Hajiya, akawu yakan kwafe fayil ɗin lissafi a filasha lokaci-lokaci. Sauran foldoji dai suna nan cikin saba.

Maman Hanif: To yau kada ka bar ofis sai ka kwafe D gaba ɗaya zuwa faifan waje. Ko aro ne ka aro. Lambar 05 ɗin nan tana ƙirga gurabun da suka lalace har faifan ya maye su da na ajiya. C5 kuwa gurabun da ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa, yana jiran ya ga yadda za ta kaya. Wato akwai yiwuwar wani fayil naku yana zaune a kan wurin da ba ya karantuwa yanzu haka. Wani ɓangare na nauyin da kuke ji ma daga nan yake, faifan yana ta maimaita karatu a wuri ɗaya. Ka fara da fayil ɗin lissafi bayan kowa ya fita daga manhajar, sannan takardun bashi, sannan sauran. Kada ka yi masa difirag, wato sake jera fayilolin da ke kansa, kada ka sa shi dogon binciken gyara kafin ka kwashe, wahalar da shi za ka ƙara yi.

Injiniyan Mabera: Abin da Hajiya ta faɗa shi ne na farko, babu ja. Yanzu tambayar ta tashi daga "ko mu canza" ta koma "da me za mu canza".

Bari in ɗan yi bayanin dalilin da SSD zai taimaka a irin aikinku, don ka samu abin gaya wa maigida. Faifan da ke ciki faranti ne ke juyawa, galibi sau 7200 a minti, da ɗan hannu mai kai da kawowa yana neman inda bayani yake. In babban fayil ɗaya ne yake karantawa a jere, ba laifi, yana iya ba ka 150MB ko fiye a daƙiƙa. Amma manhajar lissafi ba haka take aiki ba. Ƙananan bayanai take tsinta nan da can, rasit a nan, sunan kwastoma a can, kuma mutum bakwai ke nema lokaci guda. Kamar yaron shago ɗaya ne mutum bakwai ke aika sito, kowa da abin da yake so a lungu daban. A irin wannan tsince-tsince faifai mai juyawa bai cika wuce aiki ɗari a daƙiƙa ba, SSD na SATA kuwa, wato mai jonuwa da wayar faifai da aka saba, dubban gomomi yake yi, don babu abin da ke motsi a cikinsa. Saboda haka bambancin da za ku gani a rahoto ya fi wanda za ku gani a kwafe babban fayil nesa ba kusa ba.

Ɗan Runji: Ai abin da na ce ke nan tun farko, Injiniya ya dai ƙara masa tsawo 😄 Ko ma a sa NVMe, SSD ɗin nan da ake sokawa kai tsaye a jikin madabod, a huta, ya ninka SATA gudu.

Injiniyan Mabera: Ƙanena, NVMe ɗin gudunsa a ina zai bi ya fita? Kwamfutocin ofis ta waya suke isa ga saba. Wayar gigabit iyakarta kusan 115MB a daƙiƙa. SATA SSD yana ba da kusan 550MB. Ka ga tun a nan ya riga ya ninka abin da waya ke iya ɗauka. Ga shi tsofaffin sabobi da yawa ba su da gurbin M.2, in ka sa shi a katin PCIe ma wasu ba sa iya tashi daga kansa. SATA ya wadatar.

Inda ban yarda da kai ba shi ne nau'in. Ni shawarata a sayi SSD na saba, irin su Kingston DC600M, Samsung PM893 ko Micron 5400.

Ɗan Runji: Injiniya, wannan fa kashe kuɗi ne kawai. Bari mu yi lissafi. 870 EVO 1TB an ba shi 600TB na rubutu da garantin shekara 5. A ce ofishin nan yana rubuta 20GB kullum, wanda ma ba zai kai ba. 600,000 raba 20, kwana 30,000 ke nan, sama da shekara 80. Jikokin Baban Walida ma ba za su cinye shi ba. Me ya kai ofishin taki sayen kayan manyan kamfanoni?

Malam Gidan Dare: Lissafin Ɗan Runji daidai ne, a ba shi hakkinsa. Tsoron da ake yi cewa SSD zai ƙare da rubutu tsohon tsoro ne, ƙaramin ofis ba ya kai shi can, sai dai in an haɗa masa da kyamarorin tsaro suna zuba bidiyo dare da rana, wannan kuma faifai mai juyawa ya fi dacewa da shi. Amma ina jin ba rubutu Injiniya yake nufi ba.

Injiniyan Mabera: Allah ya saka Malam. Wuta nake nufi. SSD ba ya rubuta abu nan take a ma'ajiyarsa ta dindindin. Yakan riƙe shi a ɗan ram ɗin da ke cikinsa, tare da taswirar da ke gaya masa inda kowane bayani yake. In wuta ta yanke a tsakiyar aiki, abin da ke hannu yana iya tafiya. In an yi rashin sa'a taswirar ce ta taɓu, faifan gaba ɗaya yana iya ƙin bayyana, ko ya bayyana ba komai. Na saba da na ambata suna da kafasitoci a jikin allonsu, suna riƙe ɗan caji da zai ishe su su kammala rubuta abin da ke hannu kafin su mutu. Wannan kake saya, ba yawan rubutu ba. A garin da wuta ba ta yankewa zan ce ka sa EVO ka yi barci. Mu nan kowa ya san sau nawa ake juyawa tsakanin wutar layi da janareta a yini.

Ɗan Runji: To ai akwai UPS.

Injiniyan Mabera: Malam Baban Walida, UPS ɗinku minti nawa yake riƙewa?

Baban Walida: Gaskiya yanzu in aka ɗauke wuta, kafin maigadi ya tada inji wani lokaci har ta mutu. Da can yana riƙewa sosai.

Kawu Arkilla: Ka ji ko. Zahin garin ga ba shi barin batir. Watan huɗu da na biyar mu kanmu da ƙyar muka sha, balle batir da anka kulle ɗaki ba iska.

Malam Gidan Dare: Kawu ya faɗi ilimi cikin raha. Batiran UPS na dalma an auna rayuwarsu ne a ma'aunin zafi 25. Abin da masu harkar suka sani shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwar batir biyu. Mu da muke haura 40 a bazara, ka ƙiyasta da kanka. Batirin da ya kamata ya yi shekara huɗu ba zai kai ko kusa ba, kuma ba zai gaya maka ba sai ranar da aka ɗauke wuta. Don haka ko wane SSD aka saya, sabon batir ya shiga lissafi. Sannan a duba bayan UPS ɗin, in yana da gurbin USB a jona shi da saba, a saita ta ta kashe kanta cikin tsari in caji ya yi ƙasa. Mutane da yawa wayar nan tana cikin kwali tun ranar da aka sayo.

Ɗan Runji: To in an gyara UPS an jona USB, me ya rage wa kafasita?

Injiniyan Mabera: Ya rage ranar da batirin ya sake mutuwa ba wanda ya lura, da ranar da mai shara ta ja waya. Ban ce EVO da UPS mai lafiya haramun ne ba, ofisoshi da yawa haka suke kuma suna zaune lafiya. Na ce in littafin bashin kamfani ne a kai, bambancin kuɗin bai kai asarar yini guda a tsakiyar damina ba. Araha ba ta ado.

Mai Kayan Waya: Salam, akwai SSD 1TB da 2TB sababbi a kwali, farashi mai sauƙi, a tuntuɓe ni ta bayan fage.

Admin: Malam, talla ranar Asabar ce, ka san doka. Jama'a a ci gaba.

Maman Hanif: Tunda an taɓo sayayya. Duk inda ka saya, nan gari ne, Kano ce, ko daga Ikeja aka sako maka a mota, kada ka ɗora bayani a kai sai ka gwada shi. Akwai jabu masu nuna 1TB alhali abin da ke ciki bai kai ba, suna karɓar fayil kamar gaske, sai ranar buɗewa ka tarar da shara. Manhajar H2testw tana cika faifan da rubutu ta karanta ta gaya maka gaskiyar girmansa. Ka kuma buɗe shi da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, Samsung Magician ko Kingston SSD Manager, ka ga ko ta gane shi. In na hannu ne, CrystalDiskInfo za ta nuna awannin da ya yi a kunne da yawan abin da aka rubuta masa, ko da yake masu wayo suna iya goge wannan. Kada kuma ka tsorata in Windows ta nuna 931GB a faifan 1TB, bambancin ƙirga ne kawai.

Baban Walida: Na gode ƙwarai. Kwafin D yana tafiya yanzu, fayil biyu sun ƙi, tsofaffin hotunan takardu ne, na tsallake su. Yaron gyara ya ce a sayi SSD biyu a yi RAID, wai in an yi haka ba sai an riƙa bakof ba. Kuɗin da maigida ya ware ba zai kai biyu na saba ba.

Maman Hanif: Wannan magana ta yaronku ita ce ke rusa ofisoshi. RAID 1 duk abin da ya faru a faifai ɗaya nan take yake maimaita shi a ɗayan. Akawu ya goge folda bisa kuskure, ta gogu a duka biyun. Ƙwayar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa ta shigo, ta kulle duka biyun. Tsawa ta faɗo a layi a watan Agusta, akwati ɗaya suke ciki. Ɓarawo ya ɗauki saba, ya tafi da duka. Abu ɗaya RAID ke yi, in faifai guda ya mutu aiki ba ya tsayawa. Yana da amfani, amma ba shi ne bakof ba. A SSD ma abin ya fi tsanani, don fayil ɗin da aka goge tsarin shara na SSD da ake kira TRIM yakan share gurbinsa ba da jimawa ba, manhajojin dawo da fayil da kuka saba da su ba za su samo komai ba.

In kuɗi bai kai ba, ni ga yadda zan raba shi: SSD ɗaya mai kyau, batirin UPS, da faifan waje guda biyu masu juyawa. Ɗaya yana jone yana ɗaukar bakof kowane dare, ɗayan yana gidan maigida, ana musanya su duk mako. Fayil ɗin lissafi kuma, tunda ba shi da girma, a riƙa tura kwafinsa ma'ajiyar intanet.

Kawu Arkilla: Ɗiyata ta gama magana. Ni ma tambayata ke nan, in biyun sunka mutu rana guda fa?

Injiniyan Mabera: Kawu, ya taɓa faruwa. A 2019 kamfanin HPE ya fitar da gargaɗi cewa wasu SSD ɗinsa na saba za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 a kunne, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, saboda kuskure a manhajar da ke cikin faifan, sai in an sabunta ta kafin lokacin. Waɗanda aka ɗaura rana ɗaya kusan tare za su tafi, RAID ɗin da komai. Don haka ina tare da Hajiya a kan tsarin kashe kuɗin. Na biyun ya jira bayan damina.

Akwai ma wani dalili na barin RAID yanzu. In saitin faifai a BIOS ɗinku, wato allon saitin madabod, yana kan AHCI kuka juya shi zuwa RAID, Windows ɗin da aka kwafo za ta iya ƙin tashi, ta ba ku shuɗin allo. Ana iya gyarawa, amma ba a ranar da ake canza faifai ba. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda.

Ɗan Runji: Bakof ɗin a yi shi a SSD na waje mana, ya fi sauri, ba ya tsoron faɗuwa.

Malam Gidan Dare: Na yawo a jaka, e. Na ajiya a durowa, a'a. SSD caji yake riƙewa a ƙwayoyinsa, kuma cajin yana zurarewa a hankali in ba a kunna shi, zafi kuma yana ƙara saurin zurarewar. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kayan, ta ce na gida ya riƙe bayani shekara guda a zafi 30 ba wuta, na saba kuwa wata uku a zafi 40. Adalci dai, wannan ma'aunin na faifan da ya riga ya cinye rubutunsa ne, sabo yana wuce haka sosai. Amma durowar ofis a Sakkwato ba 30 take ba. Kuma da kuɗin SSD ɗaya za ka samu faifai mai juyawa mai ninkinsa girma.

Ni abin da ya fi damuna Windows ɗin. Microsoft ta daina ba Server 2012 R2 gyaran tsaro na kyauta tun 10 ga Oktoba 2023. Tunda za a buɗe akwati, me zai hana a zuba sabuwa fes a kan SSD, a bar kwafe tsohuwa da dattinta?

Baban Walida: Malam, matsalar manhajar lissafin ce. Wanda ya saka mana ita ba ya gari yanzu, kuma akawu ya ce tana da lambar lasisi da sai an kira masu ita.

Injiniyan Mabera: Malam yana da gaskiya a ƙa'ida, amma sabuwar Windows Server lasisi ne na kuɗi, kuma sai an tabbatar tsohuwar manhajar za ta zauna a kai. Wannan aiki ne na daban, a sa masa rana bayan kaka. Kafin nan kada kowa ya riƙa shiga intanet ko buɗe wasiƙu daga kan sabar. Yanzu a kwafe.

Ga tarkon da za ku haɗu da shi. SSD na saba ba 1TB ake yin su ba, 960GB ne, don sun ware wani kaso na gyaran kansu. Clonezilla kuma, manhajar da ake kwafe faifai da ita, ba ta yarda ta kwafe faifai sukutum zuwa wanda ya fi shi ƙanƙanta, ko da rabinsa fanko ne. Wasu za su ce a matse D tukuna. A faifan da ke nuna C5 ban yarda ba, matsewa tana sa shi kwashe-kwashen da zai iya ƙarasa shi. Sa'arku an raba shi biyu. A kwafe C da ɗan ƙaramin ɓangaren da Windows ke tashi da shi kawai. In Clonezilla ta ci karo da gurbi mara kyau ta tsaya, tana da zaɓin ceto da ke sa ta tsallake ta ci gaba. Sauran wurin a ƙirƙiri sabon D, a zubo bayanai da robocopy, umarnin kwafi na Windows, a sa masa /COPYALL don izinin wa zai buɗe wace folda ya biyo. A tabbatar harafin ya zauna D kamar da, foldojin da aka raba wa ma'aikata za su dawo da kansu. In Windows ta ƙi tashi, filashar saka Windows da umarnin bcdboot sukan warware.

Da an gama kwafi a zare tsohon faifan kafin a kunna. Kada a bar su biyu a jone a tashin farko. Sannan SSD inci 2.5 ne, gurbin sabar 3.5, a sayo ɗan ƙarfen da ke riƙe shi, kada a bar shi yana lilo a kan waya.

Maman Hanif: Ka kuma nemi lambar masu manhajar tun kafin ranar. Wasu manhajoji suna ɗaure lasisinsu da lambar faifai, da sun ga sabo sai su nemi a sake tabbatarwa. Kada Litinin ta waye akawu na kallon allo.

Baban Walida: Jama'a na dawo da rahoto. Maigida ya amince da tsarin Hajiya. DC600M 960GB muka samu, mun gwada shi kamar yadda aka ce, ranar Lahadi muka yi aikin ni da yaron. Mun hure ƙurar da ke cikin akwatin ma, ta hunturun bara duk tana nan. Manhajar ba ta nemi lasisi ba. Rahoton wata yanzu kafin akawu ya gyara zama ya fito, mai rasit bai ƙara tsayawa ba. Allah ya saka wa kowa. Tambaya biyu: me zan yi da tsohon faifan? Yaron yana so in ba shi. Sannan kwafe manyan fayiloli daga kwamfutoci zuwa saba har yanzu kamar da yake, bai wuce 11MB ba.

Maman Hanif: Kada ka ba kowa. Sunayen manoma, lambobin wayarsu da bashin da ake bin kowa duk suna ciki, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin irin wannan. Fomat na sauri ba ya share su. Ka rubuta masa kwanan wata ka kulle a kabad na 'yan watanni ko za a nemi wani abu. Bayan nan a huda shi da dirila. Faifai mai lalatattun gurabu ba abin da za a sake amfani da shi ba ne ma. Kuma ka ɗauki fayil ɗin lissafi daga faifan bakof ka buɗe shi a wata kwamfuta ka ga yana buɗuwa, yau ba gobe ba.

Injiniyan Mabera: Madalla. Buɗe cmd, tagar umarni ta Windows, ka rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify, in ya ba ka 0 TRIM yana aiki. Kada ku bari faifan ya cika maƙil, a bar masa ko kashi 15 cikin ɗari.

11MB ɗin nan kuwa ba SSD ba ne, alamar layin 100 megabit ce sak. Dubi jikin suwic ɗinku, akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa, in 10/100 aka rubuta to shi ne, a canza shi da na gigabit mai baki takwas ko sha shida.

Baban Walida: 10/100/1000 aka rubuta.

Ɗan Runji: To waya ce. Gigabit sai silli takwas ɗin da ke cikin kebul duk suna aiki, 100 kuwa huɗu sun ishe shi. In silli ɗaya ya karye ko ba a matse kan da kyau ba, sai layin ya sauka 100 shiru ba tare da ya yanke ba. Tunda duk kwamfutocin ne ke haka, kebul ɗin da ya tashi daga saba zuwa suwic nake zargi.

Injiniyan Mabera: Wannan karon ni da ƙanena bakinmu ɗaya. Malam, samo gajeren kebul Cat5e ko Cat6 na kamfani, jona saba da suwic kai tsaye, ka buɗe bayanin katin netwok ka gani ko ya koma 1.0 Gbps. In bai koma ba, duba saitin katin kada wani ya taɓa kulle shi a 100.

Baban Walida: Akwai ɗaya a kwalin rawuta. Bari su tashi aiki in gwada.